Ƙwadago da Haƙƙin Ma'aikaci a Ƙasar Kurfai: Daga Tafintan Bariki zuwa Wayar Hannu

Ƙasar Kurfai tana cikin kwarin Dallol Boso, arewa maso gabas da Yamai, kuma Filinge ce babbar alƙaryarta. Kurfayawa manoman gero da wake ne, maƙwabtan Zabarmawa da Fulani da Buzaye. Kafin zuwan Nasara, aiki a wannan ƙasa bai san albashi ba. Ɗa yana noma gandun ubansa, maƙwabta suna kiran gayya, bara yana ci yana sha a ƙarƙashin maigidansa, bawa kuwa ba a tambayar yardarsa. In saɓani ya taso kan aiki ko rabon amfanin gona, dattawan gari ne ke yanke magana, da harshen da kowa ke ji.

Faransawa sun kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya a kan Kurfayawa, mutanen da ba su saba da sarki ɗaya mai iko a kan kowa ba. Ta hannun sarki ake karɓar lanho, wato haraji, ta hannunsa kuma ake ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin dole: share hanya, ginin bariki, ɗaukar kayan kwamanda. Dokar mulkin mallaka ta ba kwamanda ikon ɗaure talaka ko cin sa tara ba tare da shari'a ba. Daga wannan lokaci ne dokar aiki ta fara zuwa wa Bakurfaye da Faransanci, kuma tsakaninsa da ita akwai mutum ɗaya, wato tafinta. Abin da tafinta ya faɗa shi ne doka, abin da ya haɗiye kuwa ya tafi ke nan.

Martanin da ya fi shahara ya fito ne daga garin Shikal wajen 1925, inda wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara bori na sababbin iskoki da ake kira Hauka ko Babule. Iskokin suna hawa mutum ya riƙa tafiya da tsawa irin ta gwamna da kwamanda da gardi. Mabiyan sun ƙi biyan lanho, sun ƙi aikin dole, sun ƙi bin sarkin da aka ɗora musu. Kwamandan Yamai, Croccichia, ya sa aka kame su aka tsare, daga baya shi ma ya zama ɗaya daga cikin iskokin, wanda ake kira Kwamanda Mugu. Masana sun daɗe suna gardama kan ko addini ne ko tawaye. Abin da ba a gardama a kansa shi ne mutanen ba su da wata kotu da za su kai kuka.

Hanya ta biyu ita ce barin gari. Bayan an mayar da babban birnin mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, buƙatar leburori ta ƙaru, sai ga yunwar 1931 da fari da fara suka haddasa a yammacin Nijar. Samari suka riƙa gangarawa Kurmi, zuwa Kumasi da Akra, suna dako a kasuwa, suna aiki a ma'adinai da tashar jiragen ruwa. A can ma ba su san ofishin ƙwadago ba. Maigidan da ya sauke baƙo a zango shi ke nema masa aiki, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke zuwa ya yi magana in an hana shi ladansa. A cikin irin waɗannan 'yan cin rani ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa kan Hauka a Akra a 1954. Korar baƙi da Gana ta yi a 1969, da wadda Najeriya ta yi a 1983, sun nuna iyakar wannan kariya: maigida yana iya sasanta yaronsa da ɗan kasuwa, amma ba ya iya tare umarnin gwamnati.

A gida kuwa, an soke aikin dole da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda a Nijar ake kira sandika, suka yi ƙarfi, kuma bayan yajin aikin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, majalisar Faris ta amince da kundin dokar aiki na 15 ga Disamba 1952. Djibo Bakary, wanda daga baya ya jagoranci jam'iyyar Sawaba, ya yi suna a fagen sandika. Wakilin sandika ya zama sabon tafinta, da bambanci ɗaya mai muhimmanci: shi ma'aikata suka zaɓa, kuma su zai kalla gobe in ya yi ƙarya.

Nijar mai 'yanci ta yi kundinta a 1962, ta sake shi a 1996, sannan ta kafa wanda ake aiki da shi yanzu a ranar 25 ga Satumba 2012. Dokar ta tsayar da awa 40 a mako, hutun haihuwa na mako 14, da rajistar ma'aikaci a asusun kare ma'aikata na CNSS. Mafi ƙarancin albashi ya daɗe a kan sefa 30,047 a wata kafin a ɗaga shi zuwa sefa 42,000 a 2024. In rigima ta taso, sufeton ƙwadago yana ƙoƙarin sulhu. In sulhu ya ci tura, sai kotun ƙwadago. An kuma mayar da bautarwa laifin da ake ɗauri a kansa a 2003.

Sai dai a Kurfai masu takardar ɗaukar aiki 'yan kaɗan ne: ma'aikatan gandun kiwon Tukunus, direbobi da masu gadin ƙungiyoyin agaji, ma'aikatan wasu kamfanonin gini. Malaman makaranta da sauran ma'aikatan gwamnati na dindindin ma wata doka ce dabam ke tafiyar da su. Mafi yawan aiki da baki ake ƙulla shi. Mai gona ya tsaya da ɗan ƙwadago da sassafe, su auna fili da ido, su yi ciniki kan ko da abinci ko babu, shi ke nan. Makiyayi ya karɓi shanun gari a kan ladan damina. In aka saɓa, wurin mai gari ake zuwa, ko wurin liman, a kira wanda ya ji cinikin. Doka ta yarda da yarjejeniyar baki, ta kuma ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a al'amuran al'ada, amma kaɗan ne suka san cewa yaron shago mai karɓar kuɗin wata yana da haƙƙin da ya wuce abin da mai gari zai sasanta.

A kan wannan tarihi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022. Mai gadin da aka miƙa wa takardar sallama da Faransanci yana iya ba ɗansa ɗan makaranta ya ɗauki hotonta da waya, ya nemi a bayyana masa abin da ta ƙunsa, a jera masa takardun da zai tara, a rubuta masa wasiƙar ƙorafi zuwa ga sufeto. Aikin da a dā sai an biya mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ke nan, kuma a nan na'urar tana da amfani na gaske.

Rauninta ya samo asali daga abin da aka koyar da ita da shi. Rubutun dokar Faransa ya cika intanet, na Nijar kaɗan ne. Wanda ya yi tambaya da Faransanci bai ambaci ƙasarsa ba yana iya samun amsar awa 35 da kotunan Faransa; wanda ya yi da Hausa yana iya jin naira 70,000 da kotun ma'aikata ta Najeriya. Takan kuma ƙago lambar sashen doka ta faɗe shi ba ko ɗar, alhali ba ta da sandikar da za ta tuhume ta. Shi ya sa masu amfani da ita da hankali suke ambata Nijar da dokar 2012 a cikin tambayar, sannan su kai amsar ga sufeto ko wakilin sandika kafin wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma kundin dokar ƙwadago da sufeto da alƙali suke buɗewa har yanzu da Faransanci yake.