Ɗan Sanda Mai Iyayen Gida Biyu

A birnin New Orleans na Amurka, albashin ɗan sanda a farkon shekarun 1990 bai taka kara ya karya ba. Don haka in ya tashi daga aiki, sai ya wuce gadin banki ko gidan abinci da kakinsa da bindigarsa, mai wurin ya biya shi. Wasu manyan 'yan sanda suka zama dillalai, suna raba gadin suna cire la'ada.

Ranar 4 ga Maris 1995, 'yar sanda Antoinette Frank da wani abokinta suka yi fashi a gidan abincin Kim Anh, inda ita kanta take gadi. Suka kashe mutum uku, har da ɗan sandan da ke gadi a daren. Aka yanke mata hukuncin kisa.

A 2011 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gano cewa wannan gadi shi ne jijiyar cin hanci a rundunar. A 2013 aka karɓe rabonsa daga hannun 'yan sanda, aka damƙa wa wani ofishi na birni.

Mu da muka saba ganin ɗan sanda riƙe da jakar attajiri, tambayar ba baƙuwa ba ce gare mu: ranar da talaka ya yi kururuwa, wa zai amsa?