Daga dutsen Tunguma zuwa na'urar gane ƙarya

Yau hirarmu ta tarihi za ta kai mu ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. In an yi sata, kowa ya ce ba shi ba ne, ƙaƙa za a gane mai magana a ciki?

Kun san Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tari sojan Faransa a 1899. Aznan wannan yanki suna da dutse mai shari'a, sunansa Tunguma. In rigima ta gagari dattawa, sai a je gabansa a yi tambaya bainar jama'a, motsinsa shi ne amsa. Akwai kuma tarkama: in Sarauniya ta rasu, maza su ɗauki gawarta, matar da gawar ta nufa ita ce magajiya.

Ba mu zo rena al'adar kowa ba. Amma ku ji wannan. A 1853 an yi yayin tebur mai juyawa a Ingila, ana cewa kurwar matattu ke tura shi. Wani masani, Faraday, ya gwada, ya tarar hannuwan mutanen ne ke turawa, su kansu ba su sani ba. Ashe jiki yakan faɗi abin da baki ya ɓoye.

To, a 1921 wani ɗan sanda na Kaliforniya, cikin Amurka, John Larson, ya haɗa na'ura mai awon numfashi da bugun jini sa'ad da ake tambayar mutum. Daga baya aka ƙara awon zufar hannu. Aibinta guda: tsoro take gani, ba ƙarya ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban jandarma ya sani, mai gaskiya ma gabansa yana faɗuwa.

Dabarar da ta fi, a ganina, ita ce ta David Lykken, a 1959. Ba a ce maka "kai ka sata?" A ce an kwance akuya mai jar igiya, ba a gaya wa kowa launin ba. Sai a jera maka: fara ce? baƙa ce? ja ce? shuɗiya ce? Wanda bai je wurin ba, duk ɗaya ne gare shi. Ɓarawo kuwa, da an ce ja, sai zufa ta tsatso masa. Ƴan sandan Japan suna aiki da wannan hanya. A 1991 Farwell da Donchin suka gwada ta da awon ƙwaƙwalwa, don takan yi wani motsi, P300, in ta ga abin da ta sani.

Sai dai fa, in mai akuya ya riga ya zaga kasuwar Dutsi yana cigiyar jar igiyarsa, gari duka ya san launin, na'ura kuwa za ta nuna har liman.