Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma: Wa Ke Riƙe Da Ikon Makera?

Dattawanmu na Makera ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da iko ke gangarowa daga Sarkin Katsina zuwa ga 'Yandaka a Dutsin-Ma ko Maraɗi a Kurfi, sannan dagaci da mai unguwa. Haraji da jangali da kotun alƙali da 'yan doka duk suna hannu ɗaya. An sha danniya, amma talaka ya san ƙofar da zai kai kukansa.

A 1967 Janar Yakubu Gowon ya rushe Jihar Arewa, ya kafa jihohi 12, Katsina ta faɗa cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna. Ba a jima ba tarayya ta karɓe 'yan doka da gidajen yari, jiha kuma ta karɓe kotuna. Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, har Dutsin-Ma ta samu tata, aka bar sarakuna da ba da shawara. Ranar 23 ga Satumba, 1987 aka kafa Jihar Katsina, wadda yau take da ƙananan hukumomi 34.

To, iko ya matso kusa, amma ya rarrabu. Dubi madatsar ruwa ta Zobe da ke maƙwabtaka da mu. Gwamnatin tarayya ta gina ta a zamanin Shagari, raba ruwan sha kuwa aikin jiha ne, sai ga shi ba a ƙaddamar da aikin ruwan ba sai 2021. Ita ma ƙaramar hukuma, tsarin mulkin 1999 ya sa kasonta ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ta kai tsaye.

Darasin da ke nan shi ne mu san wanda kowane nauyi ya rataya a wuyansa. Firamare da kasuwa da asibitin sha-ka-tafi, a fara da kansila da shugaban ƙaramar hukuma; sakandare a tuntuɓi jiha; tsaro da madatsa a nufi wakilanmu na tarayya. Takardar koken da ta ɓata hanya ba ta dawowa da amsa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.