Kiwon talotalo a gida: daga ƙwai zuwa wata biyu na farko

A gidaje da dama na Maradi, Damagaram da Yamai, za ka tarar da talotalo ɗaya ko biyu suna yawo a tsakar gida tare da kaji da zabi. Wasu don sha'awa suke ajiye su, saboda kyan namijin idan ya baza wutsiya yana jan fukafukai a ƙasa. Wasu kuma da ƙarshen shekara a ransu, lokacin da ake nemansa don bukin Kirsimeti da sabuwar shekara. Sai dai kukan masu kiwon kusan ɗaya ne: uwa ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, bayan wata guda saura uku.

Asalin tsuntsun nan daga Meziko da Amurka ta Arewa yake. Mutanen can ne suka fara kiwonsa, kafin Sipaniyawa su kai shi Turai a farkon ƙarni na 16. Sunansa na Faransanci, dinde, ya samo asali ne daga "kazar Indiya", domin Turawan lokacin suna kiran nahiyar Amurka da sunan Indiya. Wanda ake gani a gidajenmu, baƙi ko mai ruwan tagulla, shi ne ya fi dacewa da mai son ya hayayyafa. Fararen nan masu faɗin ƙirji na manyan gonaki sun yi nauyin da namiji ba ya iya barbara da kansa, sai an yi musu ta hannu. Wanda ya saye su don iri, ƙwai zai yi ta tarawa ba tsako.

Mace takan fara ƙwai tana da wata bakwai zuwa takwas. Namiji ɗaya ya ishi mata biyar ko shida, kuma barbara guda tana wadatar da ƙwan makonni, shi ya sa mai mace ɗaya zai iya aron namijin maƙwabci na ƴan kwanaki maimakon ya ciyar da nasa shekara guda. A riƙa canja namiji, kada ya koma kan ƴaƴansa, domin iri yana raunana.

Macen tana son ɓoye sheƙarta, bayan rumbu ko cikin tarkace. Takan tara ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, kwancin kuma kwana 28 ne, ba 21 ba kamar na kaza. Idan ana kwashe ƙwan ana ajiyewa, kada ya wuce mako guda, kuma a wuri mai sanyi kamar gindin randa. Zafin bazara yana lalata shi tun kafin a sa wa uwa. A kwana na goma ana iya haska ƙwan da fitilar hannu cikin duhu: mai jijiyoyin jini yana da rai, wanda ya fito fes kuma a cire shi. Talotalo uwa ce mai naci, har takan manta da ci da sha, don haka a ajiye mata ruwa da tsaba kusa, ko a ɗaga ta sau ɗaya a yini.

Aikin gaske yana farawa ne ranar ƙyanƙyasa. Ɗan tsakon talotalo bai kai na kaza wayo ba, wani sai ya mutu da yunwa abinci na gabansa. A tsoma bakin kowanne cikin ruwa a ranar farko, a ƙwanƙwasa faranti da yatsa don su koyi tsattsaga. Mazubin ruwan ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, saboda suna faɗawa su jiƙe, jiƙewa kuwa ajalinsu ce. A makon farko suna bukatar ɗumi kusan digiri 35, ana ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. Ba sai da ma'auni ba: idan sun cure wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, idan sun watse baki buɗe, zafi ya yi yawa. Daren hunturu da raɓar safiyar damina su ne suka fi kashe su.

Kuskure mafi yawa a wajen abinci yake. Dusa da tsakin gero ba sa riƙe ɗan talotalo. A makonnin farko yana bukatar sinadarin gina jiki kusan kashi 28 cikin ɗari na abincinsa, alhali tsakon kaza kashi 20 zuwa 22 ya ishe shi. Wanda bai samu abincin kanti ba, ya haɗa da dafaffen ƙwai, gara, garin fara, garin kifi ko tunkuza marar hunhuna, da yankakken ganyen zogale. Wajen wata biyu jan naman kai da wuya ke fitowa, lokacin da makiyayan Faransa ke kira "crise du rouge". Wanda ya haye wannan gaɓa ya zama tsuntsu mai ƙarfi, yana kiwon ciyawa da ƙwari da kansa.

Akwai abin da mutane ba sa son ji: haɗa ƴan talotalo da kaji wuri ɗaya haɗari ne. Kaji suna ɗauke da wata tsutsar hanji da ke yaɗa cutar histomonoz. Su kajin ba ta cika kayar da su ba, amma tana cin hantar talotalo. Alamarta kashi rawaya kamar farar wuta, da saukar fukafukai, da ƙin abinci. Ƙwan tsutsar yana daɗewa a ƙasa fiye da shekara, don haka tsohon akurkin kaji bai dace da ƴan tsakin ba. Wannan ne kuma ya sa sa wa kaza ƙwan talotalo, duk da ana yi kuma yana ƙyanƙyashewa, dabara ce mai biyan diyya daga baya.

Sauran cututtukan biyu suna da rigakafi. Annobar kaji ta Niyukasal, wadda ke share gidaje lokacin hunturu, ana yi mata allura ko ɗigo a ido, gara kafin sanyi ya shigo. Ƙurajen da ke fitowa a kai da fatar ido kuwa sauro ne ke yaɗa su, shi ya sa suka fi yawa da damina. Tsohon gidan sauro a kan akurki yana taimakawa. Likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo na unguwa shi zai faɗi lokacin da ya dace da kowace.

Duk tsuntsun da aka sayo daga kasuwa a ware shi mako biyu kafin ya shiga cikin na gida. Idan kuma aka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a kai kasuwa. A sanar da ma'aikatan kiwo nan take. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a watan Fabrairun 2006 tana kama talotalo da sauri, kuma tana iya kama wanda ya fige shi.