Yaya da Ƙanwa a Fina-finan Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Tun daga watan Mayu na 2025, lokacin da kamfanin Disney ya fitar da sabon Lilo & Stitch wanda mutane suka fito a cikinsa maimakon zanen da aka sani, saɓani bai kwanta ba a tsakanin masu kallo game da ƙarshensa, inda Nani ta miƙa riƙon ƙanwarta Lilo ga wata dattijuwa maƙwabciyarsu, ta tafi Kalifoniya karatun halittun ruwa. Wasu sun ce ta ci amanar marainiya, wasu sun ce yarinya ce ita ma, tana da haƙƙin neman ilimi. Mas'alar ba za ta fahimtu ba sai an san yadda 'yan'uwa mata suka samu shiga wannan fanni, alhali shekaru da dama ba su da mazauni a cikinsa.

Zamanin farko ba ya bukatar dogon bayani. Georges Méliès ya aika da dattawan masana zuwa duniyar wata a 1902 ba mace ko ɗaya a kumbonsu, kuma macen da ta yi suna a Metropolis na Fritz Lang a 1927, wato Maria, abin da aka haɗa ta da shi mutum-mutumi ne mai kamanninta. A Japan ne aka ga tagwaye mata a Mothra na 1961, waɗanda mawaƙan nan shaƙiƙai Emi da Yumi Ito suka fito a matsayinsu, sai dai an mai da su tamkar rai ɗaya, suna magana da murya guda, ba gardama ba fushi, wanda duk mai 'yar'uwa ya san ba haka zaman yake ba.

Hujjar da ta fi yawo ita ce wai Frozen na 2013 ne ya buɗe ƙofa, da ya nuna wa 'yan kasuwar fim cewa ƙaunar yaya da ƙanwa tana kawo kuɗi. Ba a musun kuɗin, amma ƙiyasin bai tsaya ba, domin Frozen tatsuniyar sihiri ce, kuma abin da ake jingina masa ya riga shi zuwa duniya. A ganina musabbabin yana cikin sauyin alƙiblar labarin kansa. Muddin fim yana kan tafiya sararin samaniya, to wajibi ne matafiyi ya bar danginsa a baya, abokan aiki su maye gurbinsu. Amma da masu shirya fim suka juya suka kawo bala'in cikin gida, suka kawar da iyaye da hukuma, sai ya zama wadda ta rage a tsaye ita ce babbar 'ya, ƙanwarta kuwa tana riƙe da hannunta.

Shaida ta farko ita ce Night of the Comet na Thom Eberhardt a 1984, ƙaramin fim wanda ba a ba shi haƙƙinsa ba, inda tauraro mai wutsiya ya mai da mutanen Los Angeles ƙura, Regina da ƙanwarta Samantha suka wayi gari cikin kufai, uba yana can wajen aikin soja, suna cacar baki a kan saurayi suna kuma kare juna da bindiga. Sai Lilo & Stitch na asali a 2002, wanda ko da yake baƙon halitta daga wata duniya ne ya ɗauki rabin sunan, ainihin damuwarsa ita ce ko jami'in kula da yara zai raba marayu biyu da iyayensu suka rasu a haɗarin mota. A 2011 Lars von Trier ya kawo Melancholia, inda wata duniya ke tahowa ta yi karo da tamu, Justine mai ciwon damuwa ta natsu, 'yar'uwarta Claire mai hankali da tsari ta rikice, har Kirsten Dunst, wadda ta fito a matsayin Justine, ta karɓi lambar yabo a Cannes. Shekara guda bayan haka The Hunger Games ya gina dukan ƙissarsa a kan lokaci ɗaya, da ƙuri'a ta faɗa kan Prim mai shekara 12, yayarta Katniss ta miƙa kanta a madadinta, bayan uba ya mutu a ramin haƙar kwal, uwa kuma baƙin ciki ya ɗauke mata hankali. Duka huɗun nan sun riga Frozen.

Za a iya kawo mini Gamora da Nebula na Guardians of the Galaxy, 2014, a ce ai ga 'yan'uwa mata a cikin kumbo. Haka ne, amma su ma marayu ne da azzalumi Thanos ya ɗauka ya rena, yana haɗa su faɗa, duk sanda Nebula ta sha kaye ya cire wani sashe na jikinta ya sa ƙarfe, don haka sulhunsu a fim na biyu na 2017 ƙarfafa hujjata ya yi.

Idan muka koma kan sabon fim ɗin Nani da Lilo, masu kare shi suna kafa dalili da al'adar mutanen Hawai, inda labarin ya faru, ta ba dangi ko maƙwabci riƙon yaro, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma babu aibi a cikinsa. Illar tana wani wuri: masu shirin sun bar wa Nani na'urar baƙin halittu mai buɗe hanya, ta riƙa leƙo ƙanwarta daga Kalifoniya cikin ƙiftawar ido, sai rabuwar ta zama ba ta da nauyi. Fim ɗin ya tara fiye da dala biliyan 1, amma na 2002, wanda ya bar Nani da nauyinta a ka, ya fi shi gaskiya.