Kunun Majinyaci da Hanyoyin Fatauci

Tun kafin zuwan asibitin zamani, masu magani a ƙasar Hausa suna danganta mura da shigar sanyi cikin jiki, musamman lokacin hunturu da tsakiyar damina, saboda haka abin da ake fara nema wa majinyaci shi ne abinci mai ruwa-ruwa da zai ɗumama shi, ya sa shi gumi, ya kuma dawo masa da sha'awar ci. Kunu ne ya ɗauki wannan nauyi, wato garin gero ko gasara da ake damawa da tafasasshen ruwa, kuma malamai sun ƙara masa daraja saboda kamarsa da talbina, wani kunun sha'ir da hadisin Nana A'isha ya nuna amfaninsa ga mara lafiya da mai baƙin ciki.

Gero da tsamiya na gida ne, amma yawancin abin da ke mayar da kunu magani daga nesa yake zuwa. Masoro da kimba da citta mai ƙwaya tsire-tsire ne na kurmi, kuma sun biyo hanyoyin kudu, ciki har da hanyar Gwanja, wadda fatake suka riƙa bi zuwa kasuwar Salaga domin sayen goro. Barkono bai iso Afirka ba sai bayan da Turawa suka isa nahiyar Amurka a 1492, duk da cewa yau da wuya a sami Bahaushen da zai yarda baƙo ne. Kanumfari ya fi su duka nisan gida, domin asalinsa tsibiran Maluku ne a Indonesiya ta yanzu, kuma bai yi araha ba sai a ƙarni na 19, bayan da Sarki Sayyid Sa'id ya bunƙasa nomansa a Zanzibar. Citta mai yatsu ma daga Asiya take, kodayake ta daɗe da samun gida a yankin Kachia da Kwoi na kudancin Kaduna. Waɗannan ne matan gida suke dakawa su haɗa yaji, su zuba a kunu ko a farfesun kaza idan zazzaɓi ya sauka, majinyaci ya fara neman abin da zai taɓa baki.

Kanwa tana da nata labarin. Gishirin ƙasa ce da ake haƙowa a Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi, jakuna da takarkarai suna kai ta Kano, inda Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya tarar da cinikinta yana da ƙarfi a 1851. Daga nan ta shiga kunun kanwa, wanda ake ba mai jego da wanda ciwo ya raunana, bisa imanin cewa yana korar sanyi yana wanke ciki. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta, domin gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki har zuciya ta gaza.

Wannan bincike bai rage darajar kunu ba, sai dai ya nuna inda amfaninsa yake. Zazzaɓi yana ƙona ruwan jiki yana kashe sha'awar abinci, kunu mai ɗumi kuwa yana mayar da ruwan, yana ba da ƙarfi ba tare da wahalar tauna ba, tsamin tsamiya yana buɗe baki, yaji yana sassauta toshewar hanci. Abin da ba ya iyawa shi ne kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma yara da yawa sun galabaita a gida ana ta dama musu kunu alhali maganin cutarsu yana asibiti.