Daga Gobarau Zuwa Ƙofar Soro: Asalin Masallatai, Kasuwanni da Abincin Birnin Katsina

Abin da ke jan iyalai zuwa birnin Katsina lokacin hutu, musamman hutun Sallah, bai wuce tsofaffin masallatai da kasuwanni da abincin garin ba. Duk ukun fatauci ne ya kawo su. Katsina na zaune a bakin hanyar da ta taso daga Agadas da ƙasar Azbin ta gangaro ƙasar Hausa, kuma ayarin da ya kawo gishiri da dabino shi ne ya kawo malamai da littattafai.

Labarin sarautar ya faro ne daga Durɓi ta Kusheyi, inda kaburburan sarakunan farko suke har yau. Birnin da ake gani yanzu kuwa ya kafu sosai a ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau, wanda ya karɓi mulki bayan ya kashe Sanau, kuma shi ake ɗauka sarkin Katsina Musulmi na farko. Da sunansa ake kiran fadar, Gidan Korau. A zamaninsa ne Wangarawa, fatake kuma malamai daga ƙasar Mali, suka yi ƙarfi a garin, aka kuma gina masallacin Gobarau. Wajajen 1493 Shehu Maghili ya ratsa Katsina da Kano, kuma Imam Suyuɗi na Masar ya aiko wa Sarki Ibrahim Sura wasiƙar nasiha. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da sunan garin ya kai.

Gobarau masallacin Juma'a ne kuma makaranta. Akwai labarin baka da ake yawan ba baƙi a gindin hasumiyarsa: wai da aka zo ginin sai malamai suka yi saɓani kan alƙibla, Malam Jodoma ya ɗaga sandarsa ya nuna, aka hangi Ka'aba. Ana cewa hassadar da ta biyo baya ce ta fitar da shi daga birni zuwa garin Guga. Ko ma yaya abin ya kasance, labarin ya adana gaskiya guda, wato garin cike yake da malamai masu gardamar ilimi. Daga cikinsu aka samu waliyyan Katsina uku da ake ziyartar kaburburansu: Ɗan Takum, wanda ya yi alƙalanci ya rasu wajajen 1529, da Ɗan Marina, da Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Ganuwar da ta kewaye birnin ana danganta faɗaɗa ta ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16. Ta ƙofofinta, wato Ƙaura, Kwaya, 'Yanɗaka, Guga, Sauri, Durɓi da Marusa, kaya ke shiga kasuwa. Bayan da rundunar Maroko ta rushe daular Songhai a 1591, babbar hanyar sahara ta karkato gabas, Katsina ta ci moriyar haka har kusan shekara 200. Larabawan Gadamus suka zauna, Buzaye suna sauke gishirin Bilma, kanwa na zuwa daga Barno, goro daga Gwanja. Garin kuma yana fitar da jemammiyar fata da baƙin rini. Kowace ƙungiya da unguwarta, shi ya sa sunaye irin su Masanawa, Albaba, Gambarawa da Tsohuwar Kasuwa suka zauna a bakin mutane.

Jihadi ya sauya wannan tsari. A 1807 birnin ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Ummarun Dallaje ya gina wani masallacin Juma'a, aka bar Gobarau, ginin ya rinƙa zubewa har sai hasumiyar ta rage. Kasuwa ma ta ji jiki. Yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi ya hana hanya zama lafiya, manyan fatake suka tattara suka koma Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma ya ƙiyasta mazauna cikinta 7,000 zuwa 8,000 kacal, sauran fili duk gonaki da kango.

Turawa sun shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903. A 1906 aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko sarki, kuma yawancin abin da mai ziyara ke gani a tsakiyar birni aikin zamaninsa ne. A lokacinsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda gininta na ƙasa ya zama gidan tarihi. Wajajen 1930 magina suka gyara hasumiyar Gobarau da tubali da azara, ta tsaya a tsawon kimanin mita 15, hawa uku, da matakala ta kai mutum sama ya hangi gari. A 1935 aka gina babban masallacin Juma'a na kusa da fada. Sai dai jirgin ƙasa bai biyo ta birnin ba, ya bi ta Funtuwa ya nufi Gusau, don haka cinikin auduga da gyaɗa ya fi habaka a kudancin masarautar. Sai da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 garin ya sake cika, gine-gine suka tsallake ganuwa, ciniki ya rabu tsakanin Babbar Kasuwa, wadda gobara ta yi wa ɓarna a watan Maris na 2021, da irin su 'Yar Kutungu.

Abincin garin shi ma hawa-hawa ne. Tushensa gero da dawa. Ana surfa gero, a daka shi da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa, a sake kirɓawa a turmi, sannan a dama da nonon da Fulani ke kawowa daga rugage. Wannan furar ita ce abin tarbar baƙo tun kafin shayi ya zama ruwan dare. Kilishi guzurin matafiyi ne: ana yanka nama fale-fale, a shanya a rana, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a ɗan nuna wa wuta, sai ya yi watanni bai lalace ba. Ɗanwake ba ya haɗuwa sai da kuka da kanwa, wadda a dā fatake ne ke kawo ta. Kayan alkama irin su alkaki da finkaso da taliya sun fi alaƙa da gidajen Larabawa da na sarauta, shi ya sa har yanzu suka fi fitowa a gara da ranar Sallah. Gyaɗa da tumatir da rogo asalinsu nahiyar Amurka ne, awara kuwa ta baya-bayan nan ce, bayan yaɗuwar waken suya.

A hutun Sallah ne ake iya ganin waɗannan abubuwa a rana guda. Iyalin da suka sauka wurin 'yan uwa a Kambarawa ko Rafindadi sukan fita Idi da safe, su tsaya kallon hawa a filin Ƙofar Soro, inda hakimai ke jahi gaban sarki, masu tsire da masu waina suna gefe. Washegari a yi Hawan Bariki, sarki ya kai wa gwamna gaisuwa, al'adar da ta samo asali tun zamanin Razdan. Sauran kwanakin kuma a kai yara Gobarau da gidan tarihin tsohuwar kwalejin, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.